Abin da ya kamata ku sani game da Market, gidan wasan da ya bijire wa wariyar launin fata

Da yawa daga cikinmu mun kalli fim ɗin Sarafina na 1992, amma ba kowa ya san cewa a wata tsohuwar kasuwar kayan marmari aka fara yin wasan ba. Sunan wurin Market Theatre, yana unguwar Newtown a birnin Johannesburg na Afirka ta Kudu.

An gina kasuwar a 1913, kuma akasarin masu sayar da kaya a cikinta Indiyawa ne. Da aka tashe ta, sai wasu mutum biyu, Barney Simon mai ba da umarni da Mannie Manim mai kula da harkar shirya wasa, suka karɓi ginin tare da 'yan ƙungiyarsu. Kuɗi ba su da yawa, don haka 'yan wasan da kansu suka shiga aikin gyara. Suka buɗe ƙofa ranar 21 ga Yuni 1976 da wani wasan marubucin Rasha Anton Chekhov, kwana biyar kacal bayan 'yan sanda sun buɗe wa ɗalibai wuta a Soweto.

A wancan zamani doka ta raba baƙi da farare a makaranta, a mota, har a kujerar kallo. Market ya ƙi bin wannan tsari. Kowa ya sayi tikiti ya zauna inda ya samu, kuma baƙi da farare suka hau dandamali ɗaya. Gwamnati ba ta ba su tallafi ba, da kuɗin ƙofa da gudummawar masu hannu da shuni suka rayu.

Wasan da ya fi nuna halin gidan, a ganina, shi ne Woza Albert! na 1981. Mutum biyu ne kawai a dandamali, Percy Mtwa da Mbongeni Ngema, ba su da komai sai akwatunan katako da 'yan tufafi a rataye. In za su kwaikwayi farar fata, sai su maƙala wani ɗan ƙwallo a kan hanci, nan take ɗan kallo ya gane baas, wato ubangida, ya iso. A haka suke zama wanzami, mai yin bulo, ɗan sanda, mai neman aiki riƙe da takardar izinin zirga-zirga. Mutane na dariya, hawaye na zuba, domin rayuwarsu ce ake nuna musu. Daga baya Ngema ya kawo Sarafina! a 1987, tare da kiɗan Hugh Masekela, wasan ya tsallaka zuwa New York a wannan shekarar.

Simon ya rasu a 1995, shekara guda bayan zaɓen da ya kawo Mandela. Gidan bai mutu da shi ba. Yana da makarantar koyar da matasa wasa, da ta ɗaukar hoto da David Goldblatt ya kafa a 1989, kuma babban zaurensa yanzu yana ɗauke da sunan ɗan wasan nan John Kani.