Saitin bindiga a kurmin Lafiya: abin da maharbi ke gani kafin ya harba

Daga Lafiya zuwa Doma, Obi da Awe, damina tana sauya fuskar daji gaba ɗaya. Ciyawa ta fi mutum tsawo, kurmin bakin rafuka ya rufe, har maharbi ba ya ganin abin da ya wuce mita 20 ko 30 a gabansa. Nan ne gada da mazo ke fakewa. Ba irin barewar Turai ko Amurka ba ce, amma matsalar maharbin Nasarawa ɗaya ce da ta takwaransa na can: dabba takan bayyana kusa, cikin inuwa, ta ɓace kafin ƙiftawar ido.

Yawancin maharban yankin bindigar toka suke riƙewa, ko kuma mai harsashin barbaza. Saitinsu bai wuce ɗan ƙullin ƙarfe a bakin bindiga ba. Ɗan birni yakan raina wannan, har ya yi wa ɗan'uwansa na ƙauye alkawarin madubin hange mai kusanto da abu ninki tara in ya je ƙasar waje. Niyyar kyakkyawa ce, tsarabar ce ba ta dace da kurmi ba.

Dalilin yana cikin lissafi. Duk yadda madubi ya ƙara girman abu, haka yake rage faɗin abin da ido ke gani. Mai ninki tara yana nuna faɗin mita huɗu zuwa biyar ne kawai a nisan mita 100. A mita 20 ke nan bai kai mita ɗaya ba. Maharbi zai ga ganye da gashin dabba, amma ba zai ga manomin da ya sunkuya a bayanta ba, ko Bafulatanin da ya biyo sawun saniyarsa, ko abokin farautarsa da ya zagayo ta ɗaya gefen. Ga kuma raɓar asuba da ke lulluɓe gilashi a daidai lokacin da ake bukatarsa.

Shi ya sa masu farautar kurmi a wasu ƙasashe suka karkata ga abubuwa uku: saitin ƙarfe mai faffaɗan zobe, ƙaramin madubi mai farawa daga ninki ɗaya, da saiti mai jan ɗigo, wanda kamfanin Aimpoint na Suwidin ya fara fitarwa a 1975. Na ƙarshen ba ya ƙara girman komai. Ana harbi da shi idanu biyu a buɗe, ɗigon yana kan dabba, sauran dajin kuma bai ɓace wa ido ba. Aibinsa batir da tsada, da jabun da suka cika kasuwa, waɗanda saitinsu kan goce bayan 'yan harbe-harbe. A kan bindigar barbaza kuwa, wadda amfaninta ga dabba irin mazo ba ya wuce mita 30 zuwa 40, ƙullin ƙarfen nan da ake rainawa ya wadatar, muddin yana fitowa sarai a cikin inuwa.

Akwai kuma doka, wadda ma'aikacin gwamnati ya fi kowa hasara in ya taka ta. Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku: waɗanda aka haramta sai da izinin Shugaban Ƙasa, na amfanin kai irin na barbaza da ke ƙarƙashin Sufeto Janar na 'yan sanda, da na toka da ke hannun Kwamishinan 'yan sandan jiha. Na'urorin gani cikin dare suna cikin kayan da ake neman takardar izini daga Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro kafin a shigo da su. Wanda ya cusa irinsu cikin akwati a matsayin tsaraba yana iya kwana yana amsa tambayoyi a filin jirgin saman Nnamdi Azikiwe.

Mafi haɗari dai ita ce farautar dare da fitilar goshi. A nan maharbi ba dabba yake gani ba, ƙyallin idanu biyu kawai yake gani, sauran sai zato. Ɗan maraƙin da ya ɓace wa garke ma idonsa yana ƙyalli haka, kuma sau da yawa mai shi yana nan kusa cikin duhu yana nemansa.