Sunan Ƙarshe Ba Ya Kai Mutum Gidan Kakanninsa

Tun da aka ce a haɗa layin waya da lambar NIN a ƙarshen 2020, rigimar suna ta shiga gidaje. Wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, sai a ga wan ya cike gurbin sunan ƙarshe da sunan mahaifi, ƙanen ya sa na kaka, ƙanwarsu kuma na mijinta. A nan ne wani tunani ya samu gindin zama a zukatan matasa, wai sunan ƙarshe shi ne asali. Har wasu kan rubuta nasu a intanet suna jiran a fito musu da salsala.

Wannan lissafi a Ingila yake aiki. Can ana gadon sunan gida ɗaruruwan shekaru, kuma tun 1538 aka umarci coci-coci su riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza. Sunan Bahaushe kuwa sauyawa yake yi da kowane ɗa. Audu ya haifi Musa, aka ce Musa Audu. Ɗan Musa shi ne Sani Musa, jikan Musa kuma Bello Sani. Kafin a kai tattaɓa-kunne, Audu ya ɓace daga takarda. Kamar tsani ne, kowane mataki da na kusa da shi kaɗai yake haɗe, wanda ya tsallake ɗaya ya faɗo.

Sai kuma abin da makarantun boko na farko suka ƙara. Aji cike da su Muhammadu da Abubakar, sai a bambanta yara da sunan garinsu. Shagari gari ne, mahaifin Alhaji Shehu sunansa Aliyu. Tafawa Ɓalewa ma gari ne a ƙasar Bauci. Sardauna da Ahmadu Raba aka san shi a makaranta, daga baya ya ɗauki sunan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kakan mahaifinsa. Mai neman dangin Malam Aminu Kano ba abin da kalmar Kano za ta tsinana masa, sai ya bi ta Malam Yusufu da Fulanin Genawa. Ko Ɗantata, da ya zama sunan zuri'a sosai, ya samo asali ne daga Tata, matar da ta reni Alhaji Alhassan.

Rubutattun shaidu suna nan, amma ba a jere da sunan ƙarshe ba. Mafi daraja su ne littattafan rabon gado na kotunan alƙalai, domin alƙali ba ya raba gado sai ya lissafo magada ɗaya bayan ɗaya, da matan mamaci, da wadda ta haifi kowane. Akwai rahotannin haraji na zamanin Turawa a ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, akwai Gidan Arewa da aka kafa a 1970, akwai cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Sai dai akasarin abin da ke ciki na sarakuna ne da malamai. Dokar tilasta rajistar haihuwa ta 1992 ba ta riski kakan kowa ba, kuma har yau da yawa ba sa yi wa 'ya'yansu.

Talaka tarihinsa yana bakin tsofaffi, musamman mata, da askar da ke fuskar kakanni, da sana'ar gida, da waɗanda ake wasan taubasantaka da su. Maroƙi yana da amfani, amma wanda zai ba shi kyauta yake wasawa, dole a tace maganarsa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne fom ɗin hukuma, da aka kwafo ba tare da an dubi yadda muke raɗa suna ba. Da an buɗe gurbin sunan kaka dabam, da na kakan uwa, da kowace rajista ta adana mana matakai uku. Tunda ba a yi ba, wanda yake da gwaggo ko kaka da rai ya je da littafi da biro, ya tambayi sunan yanka da laƙabi, da garin da aka taso, da sarkin da ke kan gado lokacin da aka yi ƙaura, domin da zamanin sarki ake gano shekara.