Masuntan Amurka Ma Suna Da Malaman Gonarsu

Kowane manomi ya san malamin gona, mai zagaya ƙauyuka yana nuna yadda ake zuba taki da yadda ake feshin auduga. Amma ba kowa ya san masunta a Amurka suna da irin nasu malaman ba. Jami'o'in ƙasar ke aika su, su zauna a garuruwan bakin teku, su ji kukan masu kamun kifi, su kai wa masu bincike, kana su komo da amsa. Sunan wannan shiri Sea Grant, kuma daga wajen manoma aka aro tsarinsa.

Asalin abin

Cikin 1862 Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a wata doka wadda ta ba kowace jiha filin gwamnati, eka 30,000 a kan kowane wakili da take da shi a majalisar ƙasa. Aka ce jiha ta sayar da filin ta kafa kwalejin koyon noma da aikin injuna. Cikin 1887 aka ƙara wa kwalejojin nan gonakin gwaji, cikin 1914 kuma aka kafa aikin malaman gona masu kai ilmi ƙauye. Watau abu uku ke nan kamar duwatsun murhu: koyarwa, da bincike, da kai wa manomi abin da aka gano. In an cire ɗaya tukunya ba ta zama. Mutanen Arewa ba baƙin wannan tsari ba ne, gama Jami'ar Jihar Kansas, ɗaya daga cikin kwalejojin nan, ta aiko malamanta Samaru a shekarun 1960 suka taimaki Jami'ar Ahmadu Bello wajen kafa sashen noma da na likitan dabbobi.

Masunta kuwa sun daɗe ba su sami irin wannan gata ba. Sai cikin 1963 wani shaihin malami na Jami'ar Minnesota, Athelstan Spilhaus, ya tashi a taron masana kifi ya ba da shawara a yi wa teku abin da aka yi wa gona. Cikin 1965 Jami'ar Rhode Island ta kira babban taro a garin Newport aka tattauna maganar. Sanata Claiborne Pell na Rhode Island da wakili Paul Rogers na Florida suka kai ta majalisa, Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar cikin Oktoba 1966. A wannan karo ba fili aka ba jami'o'i ba, kuɗi ne ake ba su shekara shekara. Da fari hukumar kimiyya ta ƙasa ce ta riƙe shirin, cikin 1970 aka mai da shi hannun NOAA, hukumar da ke lura da teku da yanayin sama. Cikin 1971 jami'o'i huɗu suka fara samun cikakken sunan kwalejin Sea Grant: ta Rhode Island, da ta Jihar Oregon, da ta Washington, da Texas A&M.

Yadda ake tafiyar da shi

Babban ofis yana Silver Spring, kusa da birnin Washington, ƙarƙashin Ma'aikatar Ciniki. Amma aikin kansa a jihohi yake. Cikin 2024 akwai rassa 34, a duk jihohin da ke bakin teku da na bakin manyan tafkunan arewacin ƙasar, har da tsibiran Puerto Rico da Guam. Kowane reshe yana zaune a wata jami'a, yana da darakta da kwamitin mashawarta wanda a cikinsa akan sami masunta da 'yan kasuwa da ma'aikatan hukuma.

Maganar kuɗi ita ce gindin abin. Doka ta ce in gwamnatin tarayya ta ba da dala 2, lalle jiha ko jami'a ko 'yan kasuwa su kawo dala 1. Jihar da ta ƙi zuba nata ba ta samun na tarayya. Saboda haka kowa yana sa ido a kan aikin, don da guminsa a ciki.

Malamin jami'a da ke son kuɗin bincike sai ya rubuta abin da zai yi da wanda zai amfana. A ba waɗansu masana na dabam su duba, a zaɓi wanda ya fi dacewa da bukatar jihar. Bayan 'yan shekaru kuma babban ofis yakan aiko masu dubawa su auna aikin kowane reshe. Ban da wannan, tun 1979 ake zaɓen ɗalibai masu zurfin ilmi su yi shekara guda suna aiki a majalisa ko ofisoshin gwamnati a Washington, don masu yin dokar teku su sami wanda ya san teku a kusa da su.

Kunkuru da jatan lande

Ga misalin amfanin malamin da ke zaune cikin masunta. Masu kamun jatan lande a kudu maso gabashin Amurka da jirgi suke jan koma a ƙarƙashin ruwa. Kunkurun teku ya kan faɗa ciki, ya kasa fitowa shan iska, ya mutu, har aka ji tsoron irinsa ya ƙare. Gwamnati ta ƙera wani akwatin ƙarfe da za a sa a koma don kunkuru ya fice, masunta suka ce ya yi nauyi, ba sa so.

Ashe wani masunci na Jihar Jojiya, Sinkey Boone, ya riga ya ƙera wata raga ta sandunan ƙarfe don ta fid da tarkacen halittun ruwa masu cika masa koma. Jatan lande yana wucewa ta tsakanin sanduna, babban abu kuwa ya zame ya fita ta wata kafa. Malaman teku na Jami'ar Jojiya suka gwada ta a jirginsu na bincike, aka ga tana fid da kunkuru. Da gwamnati ta fito da dokar tilasta sa irin wannan raga cikin 1987, tasa na cikin waɗanda aka yarda da su. Ba a rabu da rigima ba, don cikin 1989 masunta sun tare hanyoyin jiragen ruwa a Teksas da Luwiziyana saboda fushi. Duk da haka dabarar masuncin nan ce ta zama tushen ragar da aka ci gaba da amfani da ita, kuma ƙa'idar gwamnati ita ce raga ta fid da kunkuru 97 daga cikin 100.

Barazanar yanke kuɗi

Shirin ya sha tsallake rijiya da baya. A shekarun 1980 gwamnatin Shugaba Reagan ta yi ta neman a soke kuɗinsa, majalisa tana mayarwa. Cikin 2017 gwamnatin Shugaba Trump ta sake neman a soke shi, lokacin kuɗinsa wajen dala miliyan 73 ne a shekara, majalisa ta ƙi. Cikin 2025 aka aika wa reshen Jihar Maine takardar yanke kuɗi, masunta da wakilan jihar suka tashi tsaye, aka koma teburin shawara, aka mai da kuɗin.

Abin da ya cece shi kowane karo shi ne mutanen da suka san malamin garinsu da suna, suka kuma san abin da ya yi musu. Ƙungiyoyin manoma da na masunta za su iya lura da wannan: in aka kawo malami gari, a riƙa kai masa damuwa tun da wuri, a nuna masa dabarun da aka gada, a kuma nemi sanin wanda ke biyan kuɗin aikinsa, don ran da aka tashi yankewa a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.