Masu Sayar da Abinci a Garin Kebbe

Kebbe gari ne a kudancin Jihar Sakkwato, shi ne kuma hedkwatar ƙaramar hukumar da a ke kira da sunansa. Ƙasar Tambuwal tana arewa da shi, Jihar Zamfara tana gabas, Jihar Kebbi kuwa tana kudu da yamma. Yara da yawa su kan rikita Kebbe da Kebbi, amma ba ɗaya ba ne. Kebbi jiha ce wadda aka cire daga Jihar Sakkwato a shekarar 1991, aka kuma cire Zamfara a 1996. Kebbe kuwa ta zauna cikin Sakkwato. A ƙasarta akwai garuruwa kamar su Kuchi, da Girkau, da Ungushi, da Margai, da Fakku.

Yawancin mutanen ƙasar manoma ne da makiyaya, akwai kuma masunta a bakin Gulbin Zamfara. Ran kasuwa duk su kan taru cikin gari, wani a kan jaki, wani a kan babur, wani cikin mota. Mutum ya kan bar gida tun da sassafe, ba ya komawa sai faɗuwar rana. Ba shi yiwuwa ya taho da murhunsa da tukunyarsa, ga shi kuwa da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Saboda haka ba a rasa masu sayar da abinci a bakin kasuwa, da tashar mota, da ƙofar asibiti.

Asalin Sana'ar

Sayar da dafaffen abinci tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. A zamanin da, fatake su kan yi ayari da jakuna su tafi Gwanja sayen goro. Jega, wadda ke yamma da Kebbe, tana ɗaya daga cikin manyan kasuwannin da ayari kan biya ta cikinsu. In fatake suka sauka a zango, sai matan gari su kawo musu tuwo da fura, su saya da wuri. Daga baya aka koma saye da sule da kwabo na Turawa, har zuwa 1973 da aka shigo da naira. Yanzu tashar mota ta maye gurbin zango, direbobi da fasinjoji sun maye gurbin fatake, amma bukatar baƙo ba ta sāke ba.

Daga Asuba Zuwa Dare

Mai ƙosai da mai koko su ke fara fitowa. Tun da daddare a ke jiƙa wake, da asuba a surfa shi a fid da dusa, a niƙa, a buga ƙullun sosai don ya yi sauƙi, sa'an nan a soya cikin man gyaɗa. Masa kuwa, wadda waɗansu ke kira waina, da ƙullun shinkafa a ke yin ta. A kan bar ƙullun ya kwana ya tashi, kana a toya shi cikin tanda. Kusa da su ga mai shayi da teburinsa da bencinsa, yana da burodi da ƙwai.

Da hantsi sai matan Fulani su iso daga ruga, ɗauke da ƙoren nono da man shanu. Su kan zauna ƙarƙashin itace su dama wa mutane fura. Ita furar da gero a ke yin ta. A surfa shi, a wanke, a daka da citta da kanumfari da barkono, a cura, a dafa, a kirɓa cikin turmi, a sāke curawa a barbaɗa gari.

Da rana ta yi tsaka sai kasuwar 'yan tuwo-tuwo ta buɗe. Ko wace tana da rumfarta, da tabarmi ko benci, da tulun ruwa. Akwai tuwon dawa, da na masara, da na shinkafa. Miya kuwa akwai ta kuka, da ta guro, da ta sure. Guro shi ne abin da Kanawa ke kira kuɓewa, sure kuma shi ne yakuwa. Wanda ba ya son tuwo sai ya sayi shinkafa da wake, ko ɗanwake, ko hoce da kwaɗon zogale. Da la'asar mahauta su kan hura wuta su kafa tsire, su gasa balangu, ƙanshi ya cika tasha har bayan isha'i.

A watan azumi tsarin nan ya kan juye. Da rana rumfuna sai su yi tsit, ba a hura wuta sai bayan azahar, don a shirya kunu da ƙosai kafin shan ruwa.

Hannu Nawa Ne Cikin Kwanon Tuwo?

Wanda ya zauna ya ci malmala biyu, mai tuwo kaɗai ya ke gani. Amma mutane da yawa sun sa hannu kafin tuwon ya iso gabansa. Manomi ne ya noma dawar. Mai awo ya sayar da ita da tiya, mai injin niƙa ya mai da ita gari. Wani ya kawo itace daga daji, mai ga-ruwa ya turo kura da jarkoki. Wata tsohuwa ta dafa kalwa, watau 'ya'yan ɗorawa, ta yi daddawa. Wata ta shanya ganyen kuka ta daka. Mahauci ya ba da nama, ko masunci ya ba da kifi. Albasar mai yiwuwa ne daga Aliero ta fito, a Jihar Kebbi, garin da ya yi suna wajen noman albasa. Manja kuwa daga kudancin Nijeriya a ke kawo shi cikin manyan motoci.

To, kuɗin da mai ci ya biya ba ya tsayawa hannun mai tuwo. Ya kan rarrabu ya shiga gidaje goma ko fiye. In ta yi kwana uku ba ta ɗora tukunya ba, mai itace da mai ruwa da mai niƙa duk sai sun ji a jikinsu.

Wurin Haɗuwa

Rumfar abinci majalisa ce. Can manomin Kuchi zai zauna kusa da direban da ya taso daga Tambuwal, ko malamin makaranta kusa da makiyayi. Can a kan ji nawa a ke sayar da buhun gero a Jega, da inda ruwa ya ci hanya, da gidan da aka yi haihuwa ko rasuwa. Teburin mai shayi kuwa nan samari ke sauraron rediyo da dare, suna gardama a kan ƙwallo da siyasa.

Baƙo in ya iso ya kan yi sallama ya ce, "Sannu da aiki, Inna."

Ita kuma ta amsa, "Yauwa, sannu da zuwa, Malam. Ga ruwa, wanke hannu."

In yana neman gidan wani, ita ce za ta kwatanta masa, ko ta haɗa shi da yaro ya raka shi. Wanda ya ke ci kuma ba ya barin na kusa da shi ya zuba masa ido, sai ya ce masa, "Bisimilla." Almajiri da mabukaci su ma ba su cika tashi hannu wofi ba, ko da ƙanzo ne sai an zuba musu.

Bashi da Amana

Yawancin masu wannan sana'a mata ne, waɗansu zawarawa, waɗansu kuma mazansu sun rasu sun bar su da marayu. Jarinsu kaɗan ne. Da safe mace ta kan karɓi hatsi bashi wurin mai awo, da maraice ta biya. Ita ma ta kan bai wa lebura ko ɗan dako abinci bashi, sai ya sami kuɗi. Ba takarda a tsakaninsu, sai amana. Abin da ya ragu ta kan zuba adashi, ran da ta kwasa ta sayi babbar tukunya, ko akuya, ko kayan ɗakin 'yarta.

An ga amfanin wannan amana a farkon shekarar 2023, bayan da aka sāke fasalin takardun naira, tsabar kuɗi suka yi wuyar samu ko'ina cikin ƙasa. Mutane da yawa da bashin masu abinci suka rayu. A watan Mayu na shekarar kuma aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya hau, hatsi ya yi tsada, malmalar tuwo ta ƙanƙance. Wanda ya ci bashin mai tuwo ya ƙi biya a irin wannan hali, ya karya mata jari, ya kuma toshe ƙofa ga mabukacin da zai zo bayansa.

Tsafta

Tukunyar da ke ciyar da mutum ɗari tana iya sa mutum ɗari ciwo. A shekarar 2021 annobar amai da gudawa, watau kwalara, ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu. Jihar Sakkwato tana cikin jihohin da cutar ta fi tsanani. Ƙwayar wannan cuta ido ba ya ganinta. Daga bayan gida ta ke fitowa, ta shiga ruwan sha, ko ƙuda ya ɗauko ta da ƙafafunsa, ko hannu marar wanki ya kai ta cikin abinci. Ta fi yaɗuwa da damina.

Don haka mai abinci ta gari ta kan rufe kwanukanta, ta share rumfarta, ta nisanci juji da kwata, ta riƙa sāke ruwan wanke-wanke. Duba-gari na ƙaramar hukuma aikinsu ne su zaga su ga an kiyaye wannan. Mai ci kuma wajibi ne ya wanke hannu da sabulu, a zuba masa ruwan da buta, kada kowa ya tsoma hannu cikin kwano guda. Abinci mai zafi ya fi wanda ya daɗe a buɗe. Wanda zawo ya kama, a ba shi ruwan gishiri da sukari, watau ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta, a kuma gaggauta kai shi asibiti. Rigakafi dai ya fi magani.

Talla da Makaranta

Matan aure da yawa a gida su ke dafawa, su ɗora wa 'ya'yansu talla. Taimakon uwa abu ne mai kyau. Amma dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa ko wane yaro a Nijeriya, mace da namiji, karatun shekara 9 kyauta. Yarinyar da a ke ɗora wa talla lokacin da 'yan'uwanta ke aji an tauye ta. Gidajen da suka gane sun raba lokaci: makaranta da safe, taimako bayan an tashi, a kuma dawo gida kafin magariba. Yarinyar da ta iya lissafi ita ce za ta rubuta wa uwarta masu bashi, ta lissafa mata uwar kuɗi da riba, ta kuma karanta mata saƙon banki a waya in wani ya ce ya turo kuɗi.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin Kebbe da Kebbi?
2. Su wane ne fatake, ina kuma su ke sauka?
3. Faɗi mutum biyar da ke sa hannu kafin tuwo ya iso gaban mai ci.
4. Ta yaya ƙwayar kwalara ke shiga abinci?
5. Rubuta jimla biyar a kan wani mai sayar da abinci a unguwarku.