Dutsen Da Ke Cikin Buhun Takin Supa

Jama'a, ga bazara ta tsaya, kowane manomi a ƙasar Minjibir hankalinsa yana kan taki. Wasu suna kai takin gari gona a kan jakuna, wasu kuwa suna cinikin buhu a kasuwa. To, wannan tsaki mai ruwan toka da muke kira supa, mutane da yawa suna saye ba su san asalinsa ba. Dutse ne. Masu ilmin duwatsu suna kiransa afatayit, ko kuwa a ce dutsen fosfet. Abin mamaki, ƙashin jikinmu da haƙoran bakinmu kusan da irin wannan dutse aka gina su.

Ana haƙarsa a ƙasashe da yawa. Maroko ita ce uwa, gama fiye da rabin wanda aka sani a duniya yana ƙarƙashin ƙasarta. Togo ma tana da shi, daga can ne aka riƙa kawo wa masana'antar supa da aka buɗe a Kaduna cikin 1976. Mu ma ba a bar mu a baya ba, akwai shi a ƙasar Sakkwato wajen Dange da Shuni, akwai kuma a ƙasar Tawa a Nijar. Galibi wuraren nan dā teku ne, dutsen ya taru a ƙarƙashin ruwa tare da ƙasusuwa da haƙoran kifaye.

Abin da shuka ke nema cikinsa shi ne fosforas, wanda ke sa saiwa ta kama ƙasa, 'ya'ya su nuna. Amma fa dutsen ba ya narkewa cikin ruwa. Ko an niƙa shi ya yi laushi kamar garin tuwo, in aka zuba a gona sai ya zauna abinsa, yana sakin amfaninsa kaɗan kaɗan shekara da shekaru. Cikin 1842 wani Bature a Ingila, sunansa Lawes, ya yi rajistar dabarar jiƙa shi da ruwan nan mai ƙuna, watau irin ruwan batirin mota. Da an jiƙa shi sai ya zama abin da saiwa ke iya sha nan da nan. Supa ke nan. Saboda haka in wani ya kawo maka ɗanyen garin dutse da araha, ya ce daidai yake da supa, ba daidai ba ne. Yana da amfani, amma ba ga wanda ke jiran gyaɗar bana ba.

Gonakinmu na jigawa, waɗanda ake nomawa kowace shekara ba hutu tun kaka da kakanni, fosforas ɗinsu kaɗan ne. Dalili ke nan da tun zamanin dalar gyaɗa a Kano malaman gona suka matsa wa mutane su sa wa gyaɗa supa. Ba fosforas kaɗai ke ciki ba, akwai farar wuta, akwai kuma kalsiyam, wanda in babu shi gyaɗa takan yi kwanso babu ƙwaya. Wake ma haka yake sonsa. Masara kuwa in ta rasa, sai ka ga ta tsumbure, ganyenta ya yi ja-ja kamar an shafa masa shuni.

Ga inda mutane ke hasarar kuɗinsu. Supa ba ya tafiya cikin ƙasa, inda ka ajiye shi kusan nan yake zama. Wanda ya jira har shuka ta yi tsawo, sa'an nan ya watsa a bisa, saiwa ba ta same shi ba. Lokacinsa shi ne lokacin huɗa ko ranar shuka. A binne shi gefen rami, kusa da iri, amma kada ya taɓa shi. Kada kuma a yar da takin gari don an sami buhu, tare suka fi aiki.

Saura magana ɗaya, ta masu kiwo. Dutsen nan yana ɗauke da wani abu da ake kira fulorin, kamar kashi 3 ko 4 cikin ɗari. Ɗan kaɗan daga cikinsa yana ƙara wa haƙori ƙarfi, shi ya sa ake sa shi a man goge baki. In ya yi yawa kuwa sai ya zama cuta: haƙora su yi tsatsa, su cinye, gaɓoɓi su sandare. A Maroko, a yankunan da ake haƙar dutsen, tun tuni aka san wannan ciwo ga tumaki da shanu. Kada wani ya ji an ce dutsen ƙashi ne ya ba dabba ta lasa kamar kanwa. Buhun taki a ɗora shi a bisa, inda akuya ba ta kai, nesa da dusa, nesa kuma da randar ruwa.