Kuɗin Tallafi Na Neman Garin Da Bai Manta Gayya Ba

A ƙauyukan ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi, da wuya a tashi majalisar bayan isha'i ba a taɓo zancen tallafi ba. Samari su ce dattawa sun kankane komai, dattawa su ce yaran yanzu ba su san komai ba sai latsa waya. Amma in ka tambayi kowane ɓangare abin da yake so, amsar ɗaya ce: rijiyar burtsatse, gyaran ajin da iska ta yaye wa kwano, ɗan asibitin sha-ka-tafi. Da wuya ka sami ofishin da ya ware asusu da sunan haɗa tsoho da yaro. Kuɗin yakan zo ne da sunan ruwa ko itace ko makaranta. Sai dai sharuɗɗan da ake gindayawa ba sa cikuwa sai hannun manya da na yara sun haɗu, kuma a nan ne yawancin garuruwa ke tuntuɓe.

Mu duba shirin raya al'umma na CSDP, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa daga 2009 zuwa 2021, kuma Katsina na cikin jihohin da suka amfana. Tsarinsa a lokacin shi ne gari ya yi taro, ya zaɓi buƙatarsa da bakinsa, ya naɗa kwamiti har da mata a ciki, ya buɗe asusun banki, sannan ya kawo kashi 10 cikin ɗari na kuɗin aikin. Sauran kuɗin ana sakinsa ne kashi-kashi, ba a ba da na gaba sai an ga aiki a ƙasa da rasit a hannu. Shirin NG-CARES da ya biyo baya a 2021 ya ci gaba da bin wannan hanya a ayyukan ƙauyuka.

Kashi goman nan shi ke tsorata mutane, alhali ba dole ne ya zama tsabar kuɗi ba. Ana karɓar kayan aiki, ana karɓar gumi. Filin da za a yi ginin yana hannun dattijon da ya gaje shi, kuma ba zai bayar ba sai sa'o'insa sun je sun yi masa magana ta mutunci. Yashi yana rafi, sai samari sun ɗaura wa shanu amalanke sun yi ta sawu. Mata da yara su cika durom da ruwan kwaɓa siminti, tsofaffin mata su tuƙa tuwon ma'aikata. Wannan ai gayya ce, wadda kakanninmu suka yi noma da yaɓen ɗaki da ita. Abin da ya ƙaru kawai shi ne littafi: kowace amalanke ta sauke yashi a rubuta, kowane wunin aiki a ƙiyasta shi da naira. Ga ɗalibai nan 'yan ƙasa a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. Wannan rubutun ba zai gagare su ba. Abin da ba su da shi shi ne sanin inda aka taɓa haƙa rijiya aka ci karo da dutse, ko inda burtali ya bi kafin gonaki su haɗiye shi. A yankin da rikicin daji ya ɗaiɗaita ƙauyuka, kafa famfo a kan tsohuwar hanyar shanu ba ƙaramin ganganci ba ne, kuma tsoho ne kaɗai zai tare wannan kuskure tun ana kan tabarma.

A ganina aikin itace ya fi kowane dacewa da wannan haɗi, kuma can ma akwai kuɗi. A ƙarshen 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar noma a jihohin Arewa 19 da Abuja. Akwai kuma ƙananan tallafin asusun muhalli na GEF da hukumar UNDP ke gudanarwa, wanda ake ba ƙungiya mai rijista. Maƙwabtanmu na Maraɗi sun nuna abin da zai yiwu. Tun a shekarun 1980, da ƙarfafawar wani malamin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, manoma suka daina sare tohon da ke fitowa daga kututture, suka riƙa sassabe shi suna barin mai ƙarfi, har miliyoyin hekta suka sake yin itace a Maraɗi da Damagaram. Dattijon Kurfi ba ya buƙatar a gaya masa cewa gawo na zubar da ganye da damina, don haka gero ke yin kyau a ƙarƙashinsa. Ya san lokacin tara irin ɗorawa da kuka da aduwa. Yaro kuma shi ke da ƙarfin cika leda da ƙasa, da ban ruwa safe da yamma, da ɗaukar hoton shaida a aika ofis.

Sai batun takardu. Ƙungiya na buƙatar rijistar ƙaramar hukuma, masu ba da tallafi na waje kuma galibi sai sun ga ta hukumar rijistar kamfanoni da ƙungiyoyi, CAC. A haɗa da takardar fili mai sa hannun dagaci ko hakimi, da asusun banki da sunan ƙungiya, ba na shugabanta ba. Shawarata, masu sa hannu su zama dattijo da matashi da mace, kada kuɗi ya fita sai da sanin ukun. Ofishin jakadancin Japan a Abuja yana tallafa wa ƙananan ayyukan makarantu da asibitoci da ruwa, amma ƙofofin waje sun ƙara tsukewa tun da Amurka ta rufe hukumar USAID a 2025. Ƙofa mafi kusa ita ce shirin raya al'umma da gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta shimfiɗa a mazaɓu 361 na jihar. Masu sayar da fom ɗin tallafi a WhatsApp kuwa 'yan damfara ne, tallafin gaskiya ba a sayen fom ɗinsa.

Kusan kowane fom yana tambayar wa zai kula da aikin bayan kuɗi ya ƙare. Famfunan da suka mutu a ƙauyukanmu sun isa shaida cewa an sha amsa tambayar nan da baki kawai. Garin da ya shirya yakan rubuta nawa za a riƙa karɓa a kan jarka, wa zai ajiye kuɗin, wane saurayi za a tura ya koyi gyara, da abin da 'yan garin mazauna Kano da Abuja da Legas suka yi alkawarin aikowa duk sallah.