Gadon da ke Cikin Jini: Jan Hankali ga Waliyyai Kafin Sa Rana

Yana daga cikin hikimomin Allah Maɗaukakin Sarki cewa jikin ɗan Adam daga ƙwayar halitta guda ya faro, wadda ta yi ta rabuwa biyu-biyu har mutum ya kammala. Kafin kowace ƙwaya ta rabu, wajibi ne ta kwafe rubutun gadon da ke cikinta, wanda masana ke kira DNA, wato zare mai igiya biyu a murɗe, wanda haruffansa iri huɗu ne kacal, amma jerinsu ya kai kimanin biliyan 3. Watson da Crick ne suka bayyana siffarsa a Ingila a 1953, sa'an nan a 1958 Meselson da Stahl suka tabbatar a Amurka cewa igiyoyin warwarewa suke yi, kowace ta zama asalin da ake ɗora sabuwa a kansa.

Kamar yadda malamai suke kwafar littafi da hannu, su koma su yi muƙabala da asali, haka ƙwaya ke bin abin da ta kwafa tana gyarawa; sai dai kuskuren da ya kuɓuce mata, idan ya auku a ƙwayar haihuwa, zuriya ce za ta gaje shi.

Wannan shi ne asalin amosanin jini, wato sikila. Harafi ɗaya tak ya sauya tun zamanin kakannin kakanni, wanda yake sa jajayen ƙwayoyin jini su lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan jijiyoyi, yaro ya kwana yana kukan ciwon ƙashi. Ba maita ba ce, ba kuwa sammu ba. Mai AS, wato wanda ya gaji wannan harafi daga ɗaya cikin iyayensa kawai, lafiyarsa lau, shi ya sa bai san yana ɗauke da shi ba, alhali kuwa wajen mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya haka yake. Idan AS ya auri AS, kowane ciki, ba tare da la'akari da na baya ba, yana da haɗarin kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato ciwon sikila.

Saboda haka muna kira ga waliyyai da limamai na Kaura Namoda, Shinkafi da Zurmi, musamman inda auren zumunci ya yawaita, da su tura saurayi da budurwa asibitin gwamnati a auna jinsin jininsu tun kafin a karɓi kuɗin gaisuwa, domin rabuwa a sa'an nan ta fi sauƙi. Jihar Kano ma ta wajabta wannan gwaji da doka a 2024. Riƙon sababi ba ya warware tawakkali.